Idan ɗan miji ko agola ya gagara: matakan neman taimako

Aikina ba iyaye shawara ne kan tarbiyyar yara a nan Daura, kuma cikin ƙorafin da ake kawo mini babu wanda ake jinkirtawa kamar na ɗan miji da na agola, wato yaron da uwarsa ta taho da shi gidan sabon aure. Matar uba sai ta shekara biyu tana haɗiye abu don gudun kada a ce ta tsani ɗan kishiya, uban kuma yana cewa ai ƙuruciya ce. Ranar da aka kama yaron da kuɗin maƙwabta, ko ya kwana uku ba a san inda yake ba, ranar gida ke tashi tsaye, kuma maganar farko da ke fitowa ita ce a kai shi gidan mari. Tsakanin wancan shirun da wannan marin akwai matakai da dama da ake tsallakewa, su na tara a nan.

Na san halin da mai riƙo ke ciki. In ta tsawata, a ce don ba ita ta haife shi ba. In ta zuba ido, a ce ta bari ya lalace don nata su fi shi. Mijin uwa ma haka, da ya ɗaga murya za a tuna masa cewa yaron yana da ubansa. Saboda haka na tsara matakan yadda za su taimaki yaron, su kuma wanke mai riƙo daga zargi. Da mace zan fi yin magana, don ita ke wuni da yaro a gida. Namiji mai riƙon agola sai ya juya maganar ta dace da shi.

Abin da za a tanada

- Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro. Boko ko ajami duk ɗaya ne. Wadda ba ta rubutu ta riƙa naɗar muryarta a waya.
- Takardun yaron: ta haihuwa, katin rigakafi, katin asibiti in yana da shi, da sakamakon jarrabawarsa na baya.
- Lambar wayar mahaifiyarsa, ko mahaifinsa in agola ne, da ta wani babba daga wancan dangin.
- Babba guda wanda yaron ke sakin jiki da shi: kaka, goggo, inna ko kawu.
- Kuɗin mota da na yankar kati, a ware su tun kafin buƙata ta taso.

Mataki na 1: rubuta abin da ke faruwa, na sati biyu zuwa uku

“Ba ya ji” da “ya kangare” ba su gaya wa kowa komai ba. Malami, likita da alƙali duk tambaya ɗaya za su yi: me yake yi, yaushe, sau nawa? In ba a rubuce ba, abin da ya fi ƙona miki rai shi kaɗai za ki tuna.

Kowane shigarwa ya ƙunshi abin da ya gabata, abin da yaron ya yi, da abin da aka yi masa bayan nan. Ga misali: “Talata bayan la'asar. Ya dawo daga Islamiyya ya tarar an raba wa ƙannensa awara, tasa ta ƙare. Bai ce komai ba. Da magariba ya ture ƙanwarsa ta faɗa kan turmi. Babansa ya zane shi. Bai ci tuwo ba.” Wanda ya ji labarin da baki, turewar kawai zai ji. A littafi kuwa awarar tana nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan sati biyu za ki fara ganin abin yana bin wata hanya: ko duk ranar da ya dawo daga wurin mahaifiyarsa, ko ranar da ba girkinki ba ne, ko tun da aka yi haihuwa a gidan, ko kowace Lahadi sai ya ɓace ya bi motocin kasuwar Mai'aduwa. Ki rubuta har ranakun da aka wuni lafiya, don su ke nuna abin da ke kwantar masa da hankali. Littafin nan a ɓoye yake zama. Ranar da kika ɗauko shi kina karanta wa yaron laifuffukansa a gaban mutane, ranar ya tashi daga kayan aiki ya koma takardar tuhuma.

Mataki na 2: mahaifin ya shigo gaba

Sau da yawa ɗan miji shi ne ɗan fari, kuma mun san alkunya: uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, wani ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. A gidan da mahaifiyar yaron take, akwai masu cike wannan giɓi. A gidan da ta fita, yaron ya rasa uwa, uba kuma yana kawar da kai, sai dukan tsawa da hani su rataya a wuyan matar da bai zaɓa ba. Alkunya al'ada ce mai kyau, amma yaron da aka raba da uwarsa ba zai gane ta ba, zai ɗauka ƙi ne.

Ki samu maigidan a lokacin da babu rigima, ba yana shigowa da yunwa ba. “Ɗanka ya ishe ni” kan rufe ƙofar magana, don zai ji kamar kina neman ya zaɓa tsakaninku. Ki ce, “Malam, yaron nan akwai abin da ke damunsa. Ga abin da na lura da shi, ina so mu duba tare.” Sai ki buɗe littafin.

Abin da za ku yanke: hukunci mai nauyi yana hannun mahaifi, ke kuma ki riƙe dokokin gida na yau da kullum, waɗanda suka hau kan kowane yaro daidai wa daida. Dokokin kada su wuce uku ko huɗu, misali lokacin dawowa gida da hana duka. Hukunci ya zama sananne tun kafin laifi, kuma gajere: hana fita wasa na yini ɗaya, ko biyan abin da ya fasa da aiki. Kada a taɓa horo da yunwa. Yaron da aka hana tuwo ɗauke-ɗauke zai koya, unguwa kuma ba za ta manta miki ba. Duka ma ban ga ya gyara irin waɗannan yara ba, sai dai ya koya musu iya ƙarya da dukan na ƙasa da su.

Mijin uwa yana da abin koyi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Umar ɗan Abu Salama agola ne a gidan, ɗan Ummu Salama. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda hannunsa ke yawo a cikin akushi, aka gyara masa a nan take cikin taushin murya, aka koya masa ambaton Allah da ci da dama da ci daga gabansa, kuma ya riƙe wannan ladabi har girmansa. Abin lura, akushi ɗaya suke ci.

Mataki na 3: a ji ta bakin yaron, a kuma nemo wanda ba ya gidan

Ba ke za ki tambaye shi ba, ba kuma mahaifinsa ba. Kaka ta fi kowa, don wasan jika da kaka yana buɗe bakin da tsawa ta rufe. “Zo nan, angona, wa ya taɓa mini kai?” ya fi tambayoyi goma na uba. A keɓe za a yi, ba tare da alkawarin hukunta kowa ba, kuma kada a mayar da abin da ya faɗa makamin faɗa da shi daga baya.

Yara da yawa an ɗauko su ne bayan yaye ko suna shekara bakwai, babu wanda ya yi musu bayani. Wani uwarsa ta yi aure a Zango ko Baure, wani ma ta tsallaka Magarya ko Damagaram, ya shekara bai ji muryarta ba. A sa ranar waya da lokacin ziyara, a kuma cika. Kada a zagi uwarsa yana ji, ko da ita ce da laifi a mutuwar auren, don yaro yana jin zagin uwarsa a jikinsa ne. In rasuwa ta yi, a bar shi ya ambace ta, a nuna masa hotonta, a kai shi danginta.

A shirya jin abin da ba a so. Yaron da ya canza farat ɗaya, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake tsoron wani mutum na musamman, ko yarinyar da ta fara ƙin zama gida in wani yana nan, to a yi tunanin cin zarafi. Mai yin zai iya zama maƙwabci, malami, ko ɗan cikin gida. In yaro ya faɗi irin wannan, a kai shi asibiti a ranar, don maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi, kuma kada a yi masa wanka ko a wanke tufafin kafin a je. Daga nan sai wurin 'yan sanda. Wannan ba maganar sulhun zaure ba ce.

Mataki na 4: makaranta

Mahaifin ya je da ƙafarsa, boko da Islamiyya duka, ya ga malamin ajin. A duba rajista ko yana zuwa, a tambayi inda yake zama da waɗanda yake yawo da su. Sannan a miƙa masa littafin ajinsu ya karanta layi biyu. Yaro ɗan shekara goma da bai iya karatu ba ya gwammace a kira shi tantiri da a kira shi daƙiƙi, shi ya sa yake tayar da rigima kafin a zo kansa. In a makaranta lafiya lau yake, a gida ne kawai wuta ke tashi, to a koma mataki na 2 da na 3, matsalar tana cikin gida.

Mataki na 5: asibiti

Nan ne aka fi tsallakewa, don mutane suna ganin hali ba ciwo ba ne. Alhali abubuwa da dama da ake kira taurin kai daga jiki suke. A fara da asibitin sha-ka-tafi na kusa ko babban asibitin Daura. Mahaifin ne zai kai shi, ke ki raka da littafin, don ke kika san abin da ke faruwa da rana.

A nemi a duba kunne. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa, ko wanda ya taɓa yin sanƙarau, zai iya rasa wani ɓangare na jinsa, a yi ta kiransa yana tafiya, a ce raini ne. A duba ido, a duba jini saboda sikila da ƙarancin jini. A gaya wa likita in ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har da suma ko jijjiga, don wannan kan bar wa wasu yara matsalar koyo da ta hali. Akwai kuma wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da mutum: yaro ya ƙura ido na 'yan sakanni, bai san abin da aka ce ba, sannan ya ci gaba da abin da yake yi. Tana iya zuwa sau da yawa a yini, kuma tana da magani. Fitsarin kwance shi ma ba ganganci ba ne, kuma ɗora wa yaro tabarmarsa a ka ana yi masa waƙa a unguwa ƙara shi yake yi.

Wasu yaran tun suna ƙanana ba sa iya zama wuri ɗaya ko tsayar da hankali kan abu guda, a gida da makaranta duka. Wasu kuma ciwon damuwa ne, wanda a yaro yakan fito da siffar fushi da saurin faɗa maimakon kuka. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san waɗannan. In likitan farko bai ga komai a jiki ba, abin kuma ya wuce wata shida yana hana karatu da zaman gida, a roƙi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Dangi za su ce an mayar da yaro mahaukaci, kuma ke za su nuna. Shi ya sa nake nanata cewa mahaifin ne zai yi magana da danginsa kafin a tafi, mahaifiyar ma a sanar da ita.

Kada a sayi maganin barci a kemis don yaro ya lafa. Addu'a da tofi da ruƙiyya ba su hana asibiti ba, a haɗa su, amma duk mai maganin da ya kawo bulala, hayaƙin barkono ko ɗauri, ko ya ce a daina maganin likita, a tashi a bar masa wurinsa.

Abubuwan da ba sa jiran gobe: yaro ya ce zai kashe kansa ko ya gaji da duniya, ya ɗauki wuƙa a kan wani, ko ya kwana biyu ba barci yana sambatu. A kulle fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona, a ɗauke wuƙaƙe, kada a bar shi shi kaɗai, a nufi asibiti. In yana dukan ƙannensa, a raba musu wurin kwana tun daga daren. Kare 'ya'yanki haƙƙi ne a kanki, kuma babu mai hankalin da zai kira shi ƙiyayya.

Mataki na 6: in akwai shaye-shaye

Alamunsa jan ido, barcin rana mai nauyi, nauyin harshe, warin sholisho a riga, kuɗi da ƙananan kaya suna ɓacewa, da sababbin abokai da suka girme shi. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da wiwi da sauran ƙwayoyi ba su bar unguwanni ba. Hukumar NDLEA, ban da kame, tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, kuma iyaye na iya zuwa da kansu su nemi shawara. Wanda ya yi nisa kada a tsayar masa da shan wasu ƙwayoyin farat ɗaya a ɗaki, don hakan kan jawo jijjiga. Aikin likita ne. Kada kuma a miƙa shi ga 'yan sintiri su “koya masa hankali”. Abin da na ga ya fi riƙe irin waɗannan samari bayan magani shi ne sana'a a hannun maigida mai sa ido, tela ko bakanike ko mai gyaran waya, wanda zai kira uban duk ranar da yaron bai zo ba.

Mataki na 7: mai unguwa, ofishin walwala, kotu

In iyayen biyu sun kasa daidaitawa, ko mahaifin ya ƙi motsi, a bi tsanin da masarauta ta gada: mai unguwa, dagaci, hakimi. A zo da wakilin dangin uwa da na uba. Duk abin da aka amince, wa zai riƙe yaron, wa zai biya makaranta, yaushe ziyara, a rubuta kowa ya sa hannu, don sulhun baka kafin sallah ta zagayo an musa shi. Hukumar Hisba ma tana zaman sasanta iyali. A sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, Daura ko Sandamu ko Mai'aduwa ko Zango ko Baure, a tambayi jami'in walwalar jama'a. Jihar Katsina ta samu dokar kare yara a ƙarshen 2020, kuma ta shafi ɗan miji da agola kamar kowane yaro.

Maganar reno da ciyarwa ta kotun shari'ar Musulunci ce. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta, sannan sauran waɗanda ke biye. Ciyarwa, sutura da magani suna kan uba ko a ina yaron yake. Al'adarmu ta ɗauke yaro da zarar aure ya mutu ta sha bamban da wannan, kuma wani yaron maganinsa ke nan, a mayar da shi inda shari'a ta ajiye shi tun farko. Alƙali ne zai duba yanayin kowane gida.

Mataki na 8: in har sai ya bar gidan

Mutanen Daura ba sa buƙatar a ba su labarin gidan mari daga nesa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gidan gyaran hali a unguwar Sabon Gari suka fito da mutum 67, daga ɗan shekara 7 zuwa ɗan 40, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Sama da 300 ne ke ciki kafin su yi bore wasu su tsere. Makonni kaɗan kafin nan an buɗe irinsa a Rigasa ta Kaduna, kwanaki kaɗan bayan nan aka fito da wasu ɗaruruwa daga wani a birnin Katsina. Yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa masu lalurar ƙwaƙwalwa haƙƙinsu. Duk da haka masu gidajen mari sukan sake suna ne su koma wata unguwa.

Tura yaro almajiranci gari mai nisa don gida ya huta shi ma yar da shi ne, ko da an kira shi neman ilimi. Wurin farko da za a duba shi ne gidan kaka ko goggo ko kawu, inda zai ci gaba da makarantarsa da maganinsa. Shawarar kuma daga bakin iyayensa biyu za ta fito, ba daga naki ba, kuma mahaifin ne zai zaunar da shi ya gaya masa dalili.

In makarantar kwana ce ko wata cibiya, mahaifin ya je tukuna shi kaɗai, ba tare da ya sanar ba. Ya nemi ganin takardar rajistarsu da gwamnati. Ya shiga ɗakin kwana da banɗaki da wurin girki da idonsa, ya ƙirga tabarmi ya ƙirga yara. Ya dubi idon sawun yaran da ke wurin da wuyan hannunsu, don mari yana barin baƙin zobe da ba ya ɓoyuwa. Ya tambayi wane asibiti suke kai marar lafiya, da ko za a bar shi ya ga ɗansa su biyu kawai duk ranar da ya zo. Wurin da aka ce sai bayan wata uku ake ziyara, ko aka hana shi wuce zaure, ya juya da yaronsa. In wurin ya yi, kafin a sauke akwati a rubuta ranar ziyarar farko, kada ta wuce sati biyu, da ranar da za a zauna a duba maganar dawowarsa gida, a ba mahaifiyar kwafi, a ba mai unguwa kwafi.